Ƴar Ƙayar Hajiya Biba

Kun taɓa ganin baƙon da karramawa ke hana shi sakewa? To, Hajiya Biba ta yi irinsa a gidanta na La Guillotière, cikin Lyon ta Faransa.

Ƴar garin Tawa ce ta Nijar, ɗinki take yi wa matan unguwa. A gida an san ta da hannun shuka, ko muciya ta dasa sai ta yi ganye. A 2009 ɗiyarta Husainatu, da aure zai kai ta Paris, ta bar mata tsaraba: kaktus ƙarami cikin tukunya, dunƙule kamar curin fura, ƙaya ko'ina. "Inna, mai sayarwa ya ce yana hure ja."

Hajiya ta dubi ƙayar ta ce ɗan ƙasarmu ne, zafi yake so. Ta aje shi jikin shofaj, wato ƙarfen ɗumama ɗaki. Kuma tunda baƙo da ruwa ake tarbarsa, duk safiya sai ta ɗan tsiyaya masa. Hunturu uku ana haka. Ya yi ƴaƴa bakwai a gindi, hure ko ɗaya babu.

Maigidanta Malam Chaibou, direban taram, wato jirgin ƙasan cikin gari, shi ƙayar ke soka duk sanda ya zo shanya safa.

"Hajiya, wannan baƙo naki ci da sha kawai ya iya. In bana bai yi hure ba, bola zai kwana."

"Malam, kai da ka zo ƙasar nan, a shekarar ka yi hure?"

Ta yi dariya, amma abin ya tsaya mata. Kyautar ɗiyarta ce, ga sunanta na mai hannun shuka.

Cikin Disamba Husainatu ta haihu. Hajiya ta tafi Aubervilliers, gefen Paris, wankan jego, ta bar wa Malam wasiyya: ruwa da ɗumi. Aka yi arba'in, jika ya riƙe ta har Maris.

Da ta dawo, gefen shofaj wayam. Can ta tsinci tukunyar a baranda, inda ruwan sama ba ya kai. Malam ya fitar da ita tun satin farko, ya manta. Kaktus ya motse kamar busasshen goro.

"Ka kashe mini baƙo da sanyi da ƙishirwa!"

"Iska na kai shi ya sha," in ji Malam, yana neman takalminsa.

Ta ba shi ruwa kaɗan, ba don tana sa rai ba. Cikin Afrilu sai ga wasu ƙuraje jajaye a gindinsa. Ta zaci ciwo ne, ta kai shi wurin mai sayar da shuke-shuke. Matar ta ce ai wannan ba ɗan hamada ba ne, daga ƙwanƙolin duwatsun Amurka ta Kudu ya fito. Sai ya sha sanyi babu ruwa duk hunturu, sannan yake hure.

Hajiya ta ƙirga da yatsa ran da ƙurajen suka buɗe suka zama hure: goma sha huɗu, jajaye wur, sun kewaye shi kamar tsakiya a wuyan amarya. Ta aika wa Husainatu hoto. Malam kuwa har yau cewa yake da gangan ya yi.

In kuna da irinsa a ɗaki, ku jarraba bana. Ku kai shi wuri mai sanyi da haske, ku ɓoye butar har Maris, sannan ku ƙirga naku.