Farantin tuwon madara

Ƙas, ƙas, bakin wuƙa a kan farantin silba. Ina yanka tuwon madara a tsakar gidanmu na haya a Hashimi, bayan la'asar, bayana kamar zai tsage don gajiya. Tun asuba maigida ya bi motar Abuja, ya bar ni da gida da yara huɗu.

'Yata ta fari, wadda ba na kama sunanta, tana zaune a bakin ƙofa da littafin lissafi, tana share hawaye da gefen hijabi. Ajinta ɗaya a ƙaramar sakandare. Malaminsu ya riga ya aiko cewa in ta sake faɗuwa jarrabawar gobe, maimaita aji za ta yi.

"Ke, kukan mene ne kuma?"

"Umma, wai rabi sau ɗaya bisa uku, amsar ɗaya bisa shida ce. Yaya za a ninka abu kuma ya ƙanƙance?"

Wallahi ni ma a zamaninmu haddacewa kawai muka yi. Na dubi faranti na biyu da ban taɓa ba. Tuwon madara da ɗuminsa ake yanka shi, in ya huce sai dai ya farfashe. Na yi bismillah na jawo shi gabanta.

Na ja layi biyu a tsaye. "Kashi nawa?"

"Uku."

"Ɗora yatsa a kan ɗaya. To, rabinsa nake so."

Na miƙa mata wuƙar. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ja layi a kwance, tun daga wannan baki har wancan. Ta ƙirga a hankali, shida. Ta ɗago guda ɗaya tana jujjuya shi.

Muka sake da kashi huɗu, muka sake da biyar, har tuwon faranti biyun duka ya sandare ya koma gari-gari. Ranar babu abin da na kai shagon da ake saye a wurina. Ƙannenta suka cinye da cokali, na wanke farantin ina hamma.

Bayan kwana tara ta dawo da takardar jarrabawar, ta tarar da ni ina tankaɗe. A bayan takardar duk zanen faranti ne da fensir, layi a tsaye, layi a kwance.

"Umma, na wuce. Tambayar ƙarshe ce kawai na faɗi, wurin zana faranti ya ƙare mini."