Tsagar Kakana

Ko zan manta komai a sana'ar nan, ban da ranar da na nuna wa Habboba, wato kakata, fuskar mijinta.

Lokacin ban daɗe da koyon zane a kwamfuta a Damazin ba, sai rawar kai nake. Da na zo ƙauyenmu kusa da Hajj Abdalla, ta miƙo mini hoton kakana, shi ke nan gare ta, ɗan mitsitsi, duk ya kakkarye. Idonta ya fara rauni, ta ce so take ta ƙara ganinsa sosai kafin ganin ya tafi. Ni kuwa ya rasu ba a haife ni ba.

Na ce ai an gama! Na ɗora hoton a manhaja, na bi shi da alƙalamin manhajar ɗigo bayan ɗigo, irin zanen layin nan da ko an buɗa shi ya cika bango ba ya dushewa. Wasu layuka a kumatunsa na ɗauka karayar takarda ce, na zaɓe su na goge. Fuska ta fito sumul, ina ta yabon kaina.

Na ajiye mata kwamfutar a ƙarƙashin rumfa. Ta matso, ta daɗe tana kallo.

"Kai angona, wane baƙo na wanga? Ina tsagarshi?"

Ashe tsagar gado na share, wadda ya zo da ita tun daga ƙasar Hausa.

Nan take na ja layi uku a kowane kunci. Ta ce ba miƙe suke ba. Na kama ɗigon tsakiya da linzamin kwamfuta na ja, layin ya lanƙwashe a gabanta.

"Ya salam! Ashe yana jin magana? Ƙara kaɗan. Ta ƙasan ta fi kauri, hannun wanzami ya yi rawa."

Ta ɗora yatsa a allon kwamfutar, ina bin yatsan, ina matsar da ɗigo, ina ƙara kauri. Gwaggonnina suka taru suna shewa, ni kaina zumuɗi ya hana ni zama. Can sai Habboba ta ja mayafinta ta rufe kai, ta sunkuyar da ido, yadda aka ce take yi a da in kakana ya shigo gida.

"Kalas, bari hakanan. Shi na."

Tun ranar ban ƙara goge layi a aikin wani ba sai na tambayi mai shi. Abin da na kira datti, da shi ta gane mijinta.