Turmin da Yayana Ya Bari a Gandun Daji

Ranar da labarin ya iso gidanmu ba za ta fita daga raina ba, ko da zan manta da sauran abubuwan da suka faru a shekarun fari. Muna zaune a ƙofar gida da hantsi, ni da yayana, Allah ya jiƙansa, sai ga ɗan saƙon mai gari. Ya ce komandan, wato sojan da ke mulkin Mayahi, yana neman mu biyu, mu haɗa kaya na 'yan kwanaki. A zamanin soja, in an ce ka haɗa kaya, ba ka tambayar ina za a kai ka. Matar yayana ta fara kuka tun ɗan saƙon bai juya ba. Shi kuwa ya dube ni ya ce, "To, ɗan lakwal, ko ba komai, a gidan kaso ana ba mutum abinci."

Sai da muka isa Mayahi muka gane ba kaso ba ne. An tara mutane daga ƙauyukan Kanan-Bakashe da kewaye, kuma duk wanda ka duba ka san shi da gatari: masu itacen sayarwa, masu gawayi, da masassaƙa irin yayana. Wani babba ya hau bisa tebur ya ce mu ne muka kira hamada da hannunmu. Saboda haka gwamnati za ta kai mu babban gandun daji na ƙasa, can yamma bayan Yamai, mu yi tafiyar ƙasa, mu kwana a tanti, mu ga yadda itace yake in an ƙyale shi, mu dawo da ƙaunarsa a zuciya. Ni an saka ni ne don na yi lakwal, wato makarantar boko, har aji shida, ina jin faransanci, su kuma ma'aikatan can ba su jin Hausa sosai. Yayana ya raɗa mani, "An tara kuraye za a kai su mahauta su koyi tausayi." Na taka ƙafarsa don ya yi shiru.

Kaka ce a lokacin, amma kaka ta suna kawai. Geron namu bai kai gwiwa ba ya bushe. Abin da muke ci jar dawa ce ta taimako, mai tauri kamar tsakuwa, kuma ita ce ta tsaga turmin Inna gida biyu. Turmin kirya ne da aka kawo ta da shi gidan aure. A duk ƙasarmu babu sauran kiryar da za ta yi turmi, ko da akwai ma, taɓa ta sai ka kwana a hannun jandarma. Sai ya zama Inna tana ɗaukar ƙwaryarta ta shiga maƙwabta ta yi daka. Yunwar ba ta dame ta kamar wannan ba. A shekara irin wannan, duk wadda ta ara maki turmi ta ga abin da gidanki zai ci, kuma abin namu bai cika tafin hannu biyu ba. Takan rufe ƙwaryar da gefen zanenta, ta bi ta bayan danga kamar wadda ta yi sata. Uwar masassaƙi ce, amma ba ta da turmi. Yayana yana yi wa kowa da komai ba'a, har liman bai tsira ba, amma ban taɓa jin ya yi wasa da wannan magana ba.

Aka loda mu a bayan kamiyo, babbar motar kaya. A kowace bariya, wato shingen bincike, sojoji su sauke mu, su zazzage jakunkuna, su mayar da mu. An kwashe gatura tun daga Mayahi. Abin da ban sani ba shi ne yayana ya cire kan gizagonsa daga ƙota ya binne shi cikin ƙullin garin da matarsa ta yi masa guzuri. Sai da muka wuce Dosso ya buɗe ƙullin ya nuna mani. Na ce, "Yaya, kashe mu za ka yi." Ya ce, "Magani ne. Garin da ba ƙarfe a ciki ba ya riƙe ciki."

Da muka shiga gandun, kamiyon ya yi tsit. Mu da muka baro ƙasar da akuya take cin tsumma, sai ga ciyawa ta fi mutum tsawo, ta fara ja, ba wanda ya yanke ta. Ga marke, ga maɗaci, ga kirya, ga kukoki da ganyensu ya fara zuba. Wani tsoho mai gawayi da ke kusa da ni ya share ido ya ce, "Ashe duk nan suka gudo." Ba a daɗe ba kuwa hali ya dawo. Wannan ya ce waccan bishiyar za ta ba da azara ta ɗaki uku, wancan ya ce ƙarya ne, huɗu. Kafin mu isa sansani an gama sare rabin dajin da baki.

Wanda aka danƙa mu a hannunsa wani mai muƙamin lajidan ne, babba cikin ma'aikatan gandun daji, dogo, mai koren kaya, ba ya murmushi. Ya ce in gaya wa mutane cewa daga wannan daji ko gashin tsuntsu ba ya fita. Ya nuna mana tantunan soja da za mu kafa, sannan ya ce kullum da safe za mu yi tafiyar ƙasa. Yayana ya ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, ina za mu?"

Na fassara. Lajidan ya ce ba ko'ina, zagaye za mu yi mu dawo nan.

"To me za mu ɗauko?"

Ba komai, in ji lajidan. Kallo za mu yi. Nasaru daga ƙasashensu suke zuwa don su yi haka.

"Allah sarki," in ji yayana. "Ka gaya masa mu ma muna da irinsu a gari, amma ɗaure su muke yi."

Ban fassara wannan ba. Na ce yayana ya gode.

Gaskiya tafiyar ta ba mu wuya, mu da muka saba takawa har Katsina cin rani. Tafiyar da ba ta da inda za ta ta fi kowace gajiyarwa. Ƙudan tsando ya yi ta cizonmu. Giwa ba mu gan ta ba sai kashinta, shi ma lajidan ya tsayar da mu a kansa ya yi dogon bayani, har tsohon nan mai gawayi ya tambaya ko za a bar mu mu gaishe shi. Birai suka shiga tanti suka kwashe burodin da aka ba mu. A kan hanyar dawowa ta ranar farko ne yayana ya ja rigata. Cikin wani kwari, ba nisa da sansani, ga kirya kwance, iska ta kayar da ita tun wata shekara, ta bushe, gara ta fara hawanta. Ya tsuguna kamar mai gyara takalmi, ya auna kaurinta da hannu. Ya miƙe muka bi sauran. Na gane turmin Inna yake aunawa.

Washegari ya tashi da ciwon ciki. Ya yi ta birgima a ƙofar tanti yana kiran sunan Allah, har lajidan ya ce a bar shi tare da direba. Direban mutumin Tasawa ne, kuma ashe sun riga sun shirya: yana da gatari a ƙarƙashin kujerar mota, kuma ya yarda a ɓoye turmin cikin tamfol ɗin rufe kaya ranar komawa. Mun yi nisa kaɗan sai muka ji shi. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, dajin duk ya ɗauka. Lajidan ya tsaya ya karkata kai. Tsoho mai gawayi ya ce mani, "Gaya masa tsuntsu ne." Na gaya masa. Lajidan ya ce in haka ne tsuntsun ya kai jaki girma. Nan take wani ya tayar da waƙar samariya, ƙungiyar matasa ta gwamnati, irin wadda ake tilasta mu yi in manya sun zo gari, duka muka amsa. Ban taɓa ganin mutanenmu suna son ƙasarsu kamar a waɗannan kwanaki ba. Da sara ya tashi sai waƙa ta tashi. Muryoyinmu suka dushe, tsuntsayen da aka kawo mu kallo duk suka gudu.

Da la'asar nakan sulale in je kwarin. Ya datse gungumen, ya yi wa gizagon ƙota, ya fitar da ƙugu da gindi, turmi ya fito sak daga waje. Amma busasshiyar kirya ba itace ba ce, ƙarfe ce. Tafin hannunsa duk ya fashe, ya naɗe da tsumma. Ramin ne ya ƙi. Na ce ya bari haka, a gida ya ƙarasa. Ya ce a yadda yake mutum biyu ba su ɗaga shi zuwa mota ba tare da an gan su ba, sai an rage masa ciki. Sannan ya ce, "Ka ji nauyinsa? Wannan har jikokinka. Inna ta zauna a tsakar gidanta ta daka abin da ta ga dama, ko ƙasa ce, ba mai leƙa mata."

Ranar da za mu tashi, da sassafe ya koma don ya ƙara ko ɗan yaya, ni kuma na bi shi in taya shi ɗauka. Muka tarar da lajidan zaune a kan turmin, ya ɗora hularsa a gwiwa. Ya ce in tambayi tsuntsun ko cikin nasa ya yi sauƙi.

Na ɗauka yayana zai yi wata ba'ar, don da farko ya fara. Ya ce itacen matacce ne, gara ce take ci, ko ita ma ma'aikaciyar gwamnati ce? Lajidan bai ko motsa ba. Sai yayana ya cire hula, ya durƙusa. Ban taɓa ganin gwiwarsa a ƙasa ba sai a salla. Ya ce mani, "Wannan ka faɗa masa daidai, kada ka gyara." Ya ba da labarin jar dawa, da ƙwaryar da ake rufewa da zane, da hanyar bayan danga. Ya ce a riƙe gizagon, a yi masa bulala, a rufe shi in ana so, amma a bar ƙanensa ya kai wa tsohuwa turmi. Na faɗa daidai, da ɗan faransancin da nake da shi.

Lajidan ya daɗe yana duban ramin. Ya sa hannu ya shafa cikinsa. Ya ce aikin yana da kyau. Ya ce tsakanin nan da garinmu bariya nawa muka wuce, kuma a kowace za a ɗaga tamfol. In an gani, direba zai tafi kaso, mu ma haka, shi kuma za a tuɓe masa kaya, yana da iyali. Ya ce ba zai kai maganar gaba ba. Zai sa a mirgina turmin ƙarƙashin rumfar ofis don ruwa da gara. In lokaci ya sassauta, yayana ya nemo izini ya dawo ya ƙarasa abinsa. Ya karɓi gizagon. Mu duka ukun mun san nisan wurin, kuma mun san wanda ake ba izini a lokacin.

Yayana ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa. Ya ce, "Gaya masa kada ya bari a zauna a kai. Ba kujera ba ce." Wannan ma na fassara daidai. Lajidan ya tashi tsaye.

A gida yayana ya yi wa Inna wasan duka. Ya yi tafiyar lajidan, ya yi birgimar ciwon ciki, ya sa ni na yi waƙar samariya da dusasshiyar murya. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Durƙuson ne kawai bai nuna mata ba. Da ya gama ta kama hannunsa ta juya tafin, ta duba, ta ce, "Ka bar shi, na saba da na maƙwabta." Ba ta saba ba. Ta koma fita daka da tsakar rana, lokacin da mata suke rijiya. Ta rasu da bazara, kafin ruwa ya sauka.

Daga baya ruwa ya dawo, mulki ya sauya, aka ce itacen da ya tsiro a gonarka naka ne, mutane suka fara barin toho da kansu ba tare da an kai kowa kallo ba. Turame suka cika kasuwa. Yayana ya ci gaba da sassaƙa ƙota da kujeru, amma bai sake yin turmi ba, ko an roƙe shi. Duk kaka, in an ɗaure dammuna, sai ya ce mani, "Ɗan lakwal, bana fa za mu koma, ina da aiki a hannun gwamnati." Mutane su yi dariya, ni ma in yi.

Abin da wannan tafiya ta koya mani, kuma sai da na tsufa na gane shi, shi ne mai ba'a ma yana da maganar da yake nufi, sai dai yakan faɗe ta cikin dariya don kada a ga nauyinta. Wanda yake kusa da shi ya kamata ya iya rarrabewa. Da mota ta yi sauƙi, da hanya ta buɗe, da ya ce mu tafi, tafiyar yake nufi.

Ya rasu bara, bayan an gama girbi. Ba mu koma ba. Ramin turmin bai kai rabi ba.