Baba Ɗan'auta da Tsuntsayen Bakin Bahar

Ranar Litinin, sha biyu ga watan Rajab na shekarar 1387, wadda ta yi daidai da sha shida ga Oktoba 1967, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Baba Ɗan'auta a ɗakinsa da ke unguwar Mansur, nan Makka. An yi masa salla a Harami bayan La'asar, muka kai shi maƙabartar Ma'ala. Na Allah ne mu duka, kuma gare Shi za mu koma. Ni Lurwanu tela, maƙwabcinsa na shekara goma sha ɗaya, na ga bai kamata mutum irin wannan ya wuce ba tare da an rubuta ko da kaɗan daga halinsa ba.

Baba, kai ne mutum na farko da ya yi mini Hausa a garin nan. Na gama aikin Hajji zazzaɓi ya kwantar da ni, ayarinmu ya tafi ya bar ni a gindin wani bango. Ka zo wucewa da garwa biyu na ruwa rataye a sanda, don sana'arka ke nan, kai wa gidaje ruwa. Ka tsaya ka dube ni ka ce, "Kai, wannan zanen fuskar na Kazaure ne. Tashi mu je gida." Ban iya tashi ba. Sai ka ajiye garwunan, ka saɓa ni a kafaɗar da fatarta ta riga ta yi kauri saboda sandar. Tsawon wata guda matarka, Inna Ɗaso, tana dama mini kunu.

A can na ji tarihinka. Maharbin tsuntsu ne kai a fadamar Haɗejiya. Ka sha gaya mana cewa dinya da kirinjijiya sun san ƙarar takunka, kuma ba su taɓa yi maka fatan alheri ba. Da ka iso Makka a ƙafa ta Sudan, aka gaya maka a cikin hurumin garin nan ba a farauta, ko korar tsuntsu ba a yi. Ka ce a ranar ka ji kamar an yanke maka hannu. Amma da ka zauna, sai ka gane shekara ashirin ka yi kana harbinsu ba ka taɓa tsayawa ka dube su da kyau ba. Daga nan ka koma mai kallo. Ka ajiye wa tsuntsaye kasko a bakin ƙofarka, kullum sai ka cika shi kafin ka kai wa kowa ruwa. Tattabarar da ta karye a ƙafa, wurinka ake kawo ta. Ka ɗora ta da tsinke da zaren da kake ɗauka a shagona, kana yi mata faɗa kamar 'yarka.

Abu ɗaya ka dinga kuka da shi: Makka ba ta da tsuntsayen ruwa. Shekara biyu da suka wuce, bayan alhazai sun watse gari ya yi sauƙi, ka shigo shagona ka ce, "Lurwanu, rufe keken nan. Hutu za mu tafi." Na yi dariya, don ban taɓa jin ɗan Mansur ya ce zai tafi hutu ba. Ashe ka riga ka gama magana da Wada, abokinmu da ke ɗauko kifi daga bakin Bahar Maliya a motarsa ta a-kori-kura. Har ka aro darbil, wato madubin hangen nesa, wurin wani mutumin ƙasashen Gabas, Bajawe, mai sayar da agogo.

Na tuna maka cewa ba ka da iƙama, takardar izinin zama. In aka tare mu a hanya, jirgin ruwa za a sa ka a mai da kai gida, kai da babban burinka shi ne a binne ka a Ma'ala. Ka ce, "Na sani. Amma shekara ashirin da uku ban ji ƙamshin taɓo ba. Ɗaso ma za ta."

Muka tashi bayan sallar Asuba, mu huɗu. Inna Ɗaso ta shiga gaba da tukunyar dambu a cinya, ni da kai muka zauna a baya tsakanin kwandunan kifi, ƙarni kamar ya kashe mu. Kana ta waƙar maharba, Wada yana leƙowa ta taga yana cewa, "Baba, sassauta murya, wallahi kana razana injin!"

Da hantsi muka isa wani lungu na gaɓa kudu da Jidda, inda ruwan bai kai gwiwa ba, ga ƙananan itatuwa sun tsiro a cikinsa. Ban taɓa ganin tsuntsaye masu yawa haka ba. Ka tuɓe takalmi ka taka taɓon, ka tsaya, yatsun ƙafarka suna nutsewa. Sannan ka zauna a tabarma, Inna ta zauna dab da kai, ka ɗora darbil a ido, ka fara karatu.

"Wancan zalɓe ne. Ku dubi yadda ya tsaya kamar alƙali. Farin nan na kusa da shi balbela ce. Mai jakar nan a ƙarƙashin baki kwasakwasa ne, maƙoshinsa ya fi tukunyar Ɗaso zurfi."

Duk wanda ka ambata, in muka duba, haka yake. Ni da Wada muka riƙa jinjina kaifin idonka. Na dai lura Inna tana yawan sunkuyawa wajen kunnenka, na ɗauka hirar tsofaffi ce.

Can sai ga wani garke ya sauka a tsakiyar ruwan, irin da ba mu taɓa gani ba. Inna ta sunkuya ta yi raɗa. Sai muka ji ka ɗaga murya:

"Ɗaso, ki ji tsoron Allah! A kusa da ƙasa mai tsarki za ki yi mini ƙarya?"

Ta ce, "Malam, abin da na gani na faɗa."

"Tsuntsu ja-ja kamar an wanke shi da ruwan goro, ƙafa kamar kara, baki a lanƙwashe, kuma ya kifa kai a ruwa yana ci ta sama? Ni Ɗan'auta na yi shekara ashirin a fadama, babu wannan tsuntsu a duniya!"

Wada ya dube ni, na dube shi. Tsuntsayen suna gabanmu, sun fi ɗari, daidai yadda ta faɗa, kuma darbil yana idonka. Na ce, "Baba, ga su nan fa. Ba ka gan su ba?"

Ka sauke madubin a hankali. Inna ce ta amsa. Ta ce shekara ɗaya ke nan da yanar ido ta rufe maka gani, ba ka ganin komai sai haske da inuwa. Hanyoyin gidajen da kake kai wa ruwa da ƙafa ka haddace su. Ka hana ta faɗa wa kowa, don kada a tausaya maka a ce ka ajiye garwa. Tun safe ita ke gaya maka kala da tsawon wuya da siffar baki, kai kuma kana haɗawa da kukan da ka ji, kana faɗin suna.

Kai ne ka fara dariya, har kana buga cinya. Ka ce, "To, asiri ya tonu, kuma tsuntsun banza ne ya tona shi. Lurwanu, rantse mini akwai shi." Na rantse. Wada ma ya rantse. Ka juya wajen Inna ka ce, "Na janye. Ƙara faɗa mini, a hankali, tun daga ƙafa." Ta sake faɗa, kana gyaɗa kai, kana cewa, "Ikon Allah. Ashe da sauran abin da ban sani ba." Ka miƙa mata darbil ɗin ka ce ita ya kamata da shi. Ta riƙe shi a juye, ta ce tsuntsayen sun gudu nesa, muka sake fashewa da dariya.

Bayan mun ci dambu mun yi Azahar, Wada ya ce akwai wata tsohuwar ƙal'a a kan tudu nan kusa, ganuwar dutse da aka ce Turkawa suka gina don tsaron gaɓa. Ka ce sai mun hau. Wannan karon ba ɓoye-ɓoye, ka dafa kafaɗata, muka bi hanyar duwatsu har ƙofar. Rabin ginin ya zube, amma hasumiya ɗaya tana tsaye, ga ramukan da ake leƙa bindiga a jikin bangon. Kana shafa duwatsun kana yaba magina, sai muka ji an daka tsawa.

Wani askari ne, wato soja, dattijo, da bindiga a kafaɗa, an ajiye shi yana gadin gaɓar. Lokacin ana yaƙi a Yaman, baƙo da madubin hangen nesa a bakin teku ba abin wasa ba ne. Ya karɓe darbil daga hannun Inna, ya ce, "Me kuke leƙe? Ina iƙama?" Wada ya nuna tasa, na nuna tawa. Askarin ya zo ya tsaya a gabanka. Na ga Inna ta kama bakin mayafinta tana murzawa.

Ka ce masa da Larabcinka na 'yan garwa, "Ba ni da ita, ya shaikh. Tsuntsaye muka zo gani."

Ya ce, "Tsuntsaye? Makaho da darbil?"

Ka ce, "Akwai makwarwa a bayan bangon nan, tun ɗazu nake jin ta. In na kira ta ta zo, ka yarda?"

Ka haɗa tafin hannunka biyu a baki, ka yi wani kuka, ka dakata, ka sake. Sai aka amsa daga cikin duwatsu. Ka yi na uku, sai ga ta ta fito tana tafe tana leƙe, har ta hau wani dutse kamar taku goma daga inda muke. Askarin ya buɗe baki. Sannan, da yake shi ma mutumin daji ne, kuma nan ba cikin hurumi ba ne, ya sauke bindiga daga kafaɗa ya saita ta.

Ƙarar ƙarfen ka ji. Ka miƙa hannu, ka lalubi bakin bindigar, ka danna shi ƙasa. Ka ce, "A'a. Ni na kira ta, ta amince ta zo. Ka kai ni duk inda za ka kai ni, amma ba za a harbe ta da bakina ba."

Baba, ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokaci ba. Mutumin da ba shi da takarda ya riƙe bindigar hukuma! Askarin ya daɗe yana kallonka. Makwarwa ta tashi fir ta tafi. Sai ya rataya bindigarsa, ya kama kanka ya sumbaci goshinka, ya ce mahaifinsa ma haka yake, ba ya cin abin da ya shigo inuwar tantinsa. Bai sake maganar iƙama ba. Ya hura wuta ya dafa mana shayi, ya sa ka koya masa kukan, ya yi ta gwadawa yana fitar da wani sauti kamar na akuya mai mura. Da kansa ya riƙe hannunka ya hau da kai matakalar hasumiya. A can sama iskar teku ta cika maka riga, Inna tana gefe tana faɗa maka abin da ke ƙasa, wannan karon da ƙarfi, kowa yana ji.

Mun dawo Makka kafin Magariba, fuskokinmu sun ƙone, kayanmu suna ƙarnin kifi. Washegari ka fita da garwunanka kamar kullum, sai dai ka daina ɓoye lalurarka. Mutanen Mansur suka kwashe duwatsun da ke kan hanyarka, masu shaguna suka riƙa yi maka sallama da ƙarfi don ka san inda ka kai. Ba ka ajiye sandar ba sai watanni uku da suka wuce, da ƙirji ya hana ka.

Ina miƙa ta'aziyya ga Inna Ɗaso, wadda ta taka daga Haɗejiya zuwa Makka tare da kai, da Wada, da dukan jama'ar unguwannin Mansur da Nakkasa da suka cika titi ranar jana'izarka. Allah bai ba ka haihuwa ba, amma da aka zo ɗaukar makara, sai da aka yi layi.

Saura saƙo ɗaya. Kwana biyu kafin ka cika, ka gaya mini kana da ƙanwa, Saudatu, wadda ka baro tana goyon fari a wani ƙauye gabas da Haɗejiya, ka ce mata shekara biyu za ka yi. Duk alhajin da wannan takarda ta shiga hannunsa, in ya koma gida, don Allah ya neme ta. Ya gaya mata yayanta bai ɓata a hanya ba. Ya iso, ya zauna lafiya da mutane, kuma kullum yana ambaton sunanta a gaban Ka'aba.

Allah Ya jiƙanka, Baba. Allah Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya shayar da kai daga tafkin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kamar yadda ka shayar da bayinSa. Allah Ya ba Inna haƙuri, Ya ba mu ikon riƙe ta. In tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.