Dogon Yaron Tsakar Gidanmu

Ni ɗan fari ne, kuma har yau da furfura ta fara cin gemuna ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba. In tana son kirana sai ta ce "kai", in kuma da wani take magana a kaina sai ta ce "wancan". Kunyar ɗan fari ke nan, kowa ya san ta, ni ma da saninta na tashi. Amma sanin abu daban, daɗinsa daban. Ƙanena kuwa, autanmu, sunansa a bakin Inna kamar goro yake, tun safe take tauna shi har rana ta faɗi. Ana cewa kishi kumallon mata ne. Wanda ya fara faɗin haka bai taɓa zama tabarma ɗaya da autan ɗakinsu ba.

Abu guda nake da shi wanda autan ba shi da shi: Inna a wurina take zaune. Gidan mahaifinmu ne a Gidan Igwai, da ya rasu na ci gaba da zama a ciki da matata da yara. A tsakar gidan akwai wani ƙaton dogon yaro da aka ce marigayin ne ya dasa tun muna ƙanana, rassansa sun lulluɓe rufin dogon ginin da ɗakin Inna yake. A gindinsa take wuni, da tabarmarta da butarta da carbi, tsofaffin maƙwabta su shigo a yi ta ɓarar gyaɗa ana hira. In na dawo daga makarantar da nake koyarwa sai in durƙusa in gaishe ta, ta kau da kai ta amsa wa bango. Ban taɓa neman fiye da haka ba. Ko ba komai, duk wanda zai gaida Inna sai ya yi sallama a zaurena, har shi autan da motarsa.

Shi aikin siminti yake yi a Kalambaina, Allah ya buɗa masa, ya gina gidansa na kansa. A farkon bazarar shekarar da nake ba da labari matarsa ta haifi tagwaye. Uwarta ta riga ta rasu, ba mai zaunar mata jego, saboda haka Inna ta ɗaure kayanta a zane ta tafi, a kan in an yi arba'in za ta dawo. Aka yi arba'in, aka ƙara sati, aka ƙara wani, babu Inna babu labarin dawowa.

Wanda bai yi bazara a Sakkwato ba, a bar shi da labari. Ruwan randa sai ka rantse an ɗora shi a wuta, fanka in an yi sa'ar kawo wuta iskar murhu take hurowa. A irin wannan rana na hau babur bayan azahar na tafi gaida Inna, na isa rigata ta manne da bayana. Autan ya tare ni a ƙofa yana murmushi.

"Yaya, shigo ka sha sanyi. Ka ga abin da munka sa ma Inna."

Ya tura ƙofar ɗakin, wani sanyi ya doke ni a fuska. Esi ne, na'urar sanyaya ɗaki, fari sol manne a bango, yana aiki ba ƙara, ba kukan janareta, alhali unguwar tasu ma ba wuta. Inna na zaune a kan kafet, ta lulluɓa da mayafi mai kauri, ƙafafunta cikin safa, jariri guda a cinyarta. Safa a watan da kaji ke buɗe baki don zafi. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa wa labule. Autan ya ja ni waje ya nuna mini faya-fayan sola shida a kan rufi, waɗanda masu aikin ke kira fanel, da batura a wani ɗan ɗaki, yana ta bayani kamar shi ya ƙera rana. Na ce ma sha Allah, Allah ya sanya alheri. Bakina ne kawai ya faɗa.

Da zan tafi na koma yi wa Inna sallama. Ba ta dube ni ba, matar autan ta duba ta ce:

"A gaida mutanen gida. Iccen nan hwa, shina nan lahiya? Ana ba shi ruwa?"

Duk hanya ina tuƙi ina cizon yatsa. Wata biyu rabona da ita a gidana, ba ta ce ya makaranta ba, ba ta ce na rame ko na yi ƙiba ba, sai icce. Iccen da ya girmi rabin mutanen layinmu, wane ruwa yake jira daga wurina? Haka kuma duk ranar da matata ta je ta dawo, saƙon ke nan: Inna na gaisuwa, tana tambayar icce. Na san matar autan ta sha wahalar haihuwa, na san tagwaye ba wasa ba ne. Duk na sani. Amma na riga na yanke wa raina cewa esi ne ya ƙwace mini uwa, kuma mai kishi ba ya karɓar shaida sai wadda ta goyi bayansa.

Daga nan na zama malamin esi na ƙarfi da yaji. Ina tashi daga makaranta sai shagunan masu sola, ina shiga wannan ina fita wancan. Wani ya nuna mini wanda ke shan wuta kai tsaye daga fanel, ba batir, mai sauƙin kuɗi da sauƙin kulawa, amma rana na faɗuwa shi ma ya faɗi. Na ce wannan abokin cin mushe ne. Wani ya nuna mini mai haɗa biyu, da rana ya sha rana, da yamma ya koma wutar lantarki. Na yi dariya, don wutar unguwarmu baƙo ce da ba ta sanar da zuwa, ba ta kuma yin sallama in za ta tafi. Sai mai batura, irin na autan, wanda zai kai ka har asuba. Na daɗe a gabansa ina shafa kwali. Amma in na sa irin nasa, me na yi? Kunnen doki ke nan, kuma in aka yi kunnen doki tsakanina da auta na san inda Inna za ta karkata.

Ana haka wani mai shago ya ɗauko rimot ya nuna mini hoton rana a jikin wani maɓalli. Ya ce wannan zafi da sanyi yake yi, in ɗari ya shigo sai ka juya shi ya ɗumama ɗaki. Nan take na tuna gwiwoyin Inna, da kaskon gawayin da ake kai mata lokacin sanyi, wanda ke sa ta tari har safe. Na tambaye shi ko masu sanyi kaɗai za a iya juya su haka, ya ce ina, sai dai a sake wani. Na ji daɗin da na daɗe ban ji ba. Na autan wata uku zai yi amfani a shekara, nawa kuwa ba ranar hutu. Yanzu da nake tunawa, a duk yawon nan ban taɓa tambayar kowa wanne ya dace da ɗakin tsohuwa ba. Tambayata guda ce, ko da ban furta ta haka ba: wanne ya fi na ƙanena.

Na sayar da ragunan da nake kiwo na haɗa da abin da ke hannuna, na ɗauko mai aikin haɗa esi da sola. Dattijo ne mai sanyin magana, ya auna ɗakin Inna da tef, ya fito ya tsaya yana kallon sama. Ya ce ɗakin ƙarami ne, ƙaramin esi da fanel huɗu sun wadatar, kuma huɗun za su zauna daidai a rufin zaure inda inuwa ba ta kaiwa. Na ce babba nake so, kuma fanel takwas. Ya ce takwas sai dai rufin dogon ginin, shi kuwa tun hantsi har la'asar a ƙarƙashin dogon yaro yake, fanel kuma da inuwa ba sa ga maciji.

"Malam, huɗu sun isa wallahi. Iccen ga ya hi esi amhwani, ni da nika sai da esi nika gaya maka."

Na ce masa ba wa'azi na kira shi ba. Autan na da shida, ni in sa huɗu, ya zo ya ɗaga kai ya ƙirga? Matata ta same ni a ɗaki ta ce in yi wa Allah in bari Inna ta dawo a ji ta bakinta. Na ce ta yaya zan ji ta bakin wadda ba ta magana da ni, kuma ma don ta dawo ɗin ake yi. Ta buɗe baki kamar za ta ƙara wata magana, ta ga fuskata, ta juya ta fita.

Mutum biyu da injin yankan icce, kafin azahar sun gama. Abin da ya shekara arba'in da wani abu yana tashi bai ci rabin wuni ba. Aka kwashe itacen a kura, aka bar kututture mai faɗin faifai biyu. Tsakar gidan ta yi wani fayau kamar kan da aka yi wa aski, yara suka koma tsallake ta da gudu don ƙasa na ƙona ƙafa. Ban bari abin ya dame ni ba. Ina kallon fanel takwas suna ƙyalli a kan rufi, ina shiga ɗakin Inna in kunna sanyi, in juya zafi, in sake juyawa sanyi, ni kaɗai ina murmushi.

Ko aika mata ban kai ga yi ba. Wata Juma'a da hantsi sai ga motar autan a ƙofar gida, tagwaye sun yi ƙwari, uwarsu ta miƙe, Inna ta ce a mai da ita ɗakinta. Ashe da ma ranar take jira. Na fito da sauri, rimot a aljihun rigata. Ta yi sallama a zaure, ta shigo, ta tsaya cak. Ta dubi sama inda rassa suke a da, ta dubi kututturen, ta sake duban sama. Ni kuwa na fara zuba, wai ga abin da aka sa mata, mai zafi da sanyi ne, ba sauran kasko, takwas ne a sama. Autan ya matso kusa da ni ya rage murya, ya ce ai nasu ma kullum sai ta sa an kashe, wai yana sa mata ciwon ƙashi, kuma in an rufe ƙofa ba ta jin sallamar kowa, don jarirai kawai take haƙura ta sa safa.

Inna ta taka a hankali har gindin kututturen ta zauna a kai, cikin ranar nan. Matata ta kawo mata ruwa ta durƙusa. Inna ba ni ta duba ba, matata ta duba, amma a tsawon rayuwata ban taɓa jin maganar da ta nufo ni kai tsaye kamar wannan ba.

"Ran sunanai ubanai yad dasa iccen ga. Shekara arba'in da bakwai, in nic ce ya icce, kowa ya san wanda nika nuhi, ba kuma mai ce mani marar kunya. To yanzu in na yi nisa, mi za ni tambaya?"

Na dubi matata, ta sunkuyar da kai. Na dubi autan, ya kau da ido. Kowa ya sani. Matata ta sani, ƙanena ya sani, matarsa da ta shigo dangi jiya jiya ta sani, tsofaffin da ke ɓarar gyaɗa sun sani. Ni kaɗai, malamin makaranta, da na iya bambance esi iri huɗu, na wuce wata biyu ana aiko mini da gaisuwar uwata ina jin haushi. Autan yana da sunansa a bakinta, ni kuma ashe ina da icce guda a tsakar gida, na kira masu inji na biya su suka sare.

Inna ba ta koma gidan autan ba, kuma ba ta sake ta da maganar ba. Esin yana nan yana aiki, ba abin da ya same shi. Da ɗari ya shigo ta yarda matata ta kunna mata zafin, tarin ma ya ragu, ta ce wa matata a yi wa wancan godiya. Tsofaffin maƙwabta sun rage shigowa, don ba inuwar zama, ɗakin kuma ba ya ɗaukar su da kwandunan gyaɗarsu. Na kafa rumfar kwano a wurin, amma kwano zafi yake tarawa.

Har yanzu in autan ya yi sallama na ji ta kira sunansa da ƙarfi tana dariya, abin yana sukata, ba zan yi ƙarya ba. Bara ta je gidansa ta yi sati biyu da tagwayen suka yi zazzaɓi. Matata ta je dubiya ta dawo, na bi ta har madafa na tsaya a bakin ƙofa ina jira.

Ta ce Inna na gaida mutanen gida. Na ce sai me kuma? Ta ce shi ke nan.