Mai Fentin Kaduna

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa na manta da su, amma ranar da aka ɗauki aikin hannuna aka ba wani mutumin da ko haihuwarsa ba a yi ba, wannan kam har in koma ga Allah ba za ta bar raina ba. Yanzu ma da nake ba da labarin zuciyata tafasa take yi.

Lokacin ana kashe fam da sule ne, ban daɗe da barin maigidan da ya koya mini fenti ba. Jarina kaf bokiti biyu ne da buroshi da wani tsani da na haɗa da gora. Ɗakina a Tudun Wada shi ne shago, shi ne wurin ajiya. Da yake ba wanda ya san ni a Minna, sai na karya farashi, ina karɓar rabin abin da manya ke karɓa. Na ɗauka rububina za a yi. Ashe suna na jawo wa kaina, wai "mai fentin araha", kuma ba yabo ba ne. A kira ni in shafe makewayi ko ɗakin girki da farar ƙasa, amma zaure da fuskar gida, inda idon baƙi ke sauka, ba mai yarda ya ba ni.

Ana haka wani attajirin unguwarmu mai fataucin doya ya tafi aikin hajji. A al'ada kafin alhaji ya dawo sai an gyara gida an yi fenti, don gari guda za a zo yi masa barka da sauka. Ƙanensa ne ke riƙe da gidan, sai na same shi na ce ya sayi fenti kawai, ni zan yi aikin ba ko kwabo. Abu ɗaya na roƙa, duk wanda ya tambayi wanda ya yi, a faɗi sunana.

Ya yi dariya ya ce, "Wannan ne kawai, Malam? Ni da kaina zan kama hannunka in nuna ka."

Na zage na yi aikin da ban taɓa yin irinsa ba. Na san yadda dattawa ke zama a zaure su jingina da bango, su tashi farar ƙasa ta ɓata musu bayan riga. Don haka daga ƙasa zuwa ƙirjin mutum na shafa koren fenti mai mai, sama kuma fari da ɗan bula a ciki, na ja igiya na fitar da layi tsakaninsu. Cikin zafin bazara na yi shi, kullum in koma gida ina warin kananzir. Maiɗakina ta ce ita ba ta taɓa ganin mai neman abinci da aikin kyauta ba. Na ce ta bari Alhaji ya sauka ta gani.

Ranar da jirgin ƙasa ya kawo shi, na sa rigata ta Juma'a na tsaya a bakin zaure. Ana ta shiga ana fita, ana rabon dabino da zamzam. Can wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin jirgi ya miƙe, ya jawo bayan rigarsa ya duba, ya ga tas take. Ya shafa bangon ya ce, "Kai, wa ya yi muku wannan aiki?"

Don murna har na ɗan matso. Sai na ji ƙanen Alhaji ya gyara murya ya ce, "Ai daga Kaduna muka ɗauko shi. Shi ke yi wa Turawa gidajensu." Muka haɗa ido, ko kunya bai ji ba, ya ce, "Kai, je ka ƙaro mana tabarma."

Na ƙaro tabarmar. Wallahi har yau ina jin haushin kaina da na ƙaro ta, alhali a lokacin koren fentin zauren yana nan maƙale a faratuna.

Bayan 'yan kwanaki sai ga ƙanen Alhaji a ƙofar ɗakina yana washe baki. Wai dattijon nan ya matsa masa a kawo masa mai fentin Kaduna. "Ka je ka ce kai yaronsa ne, maigidanka ya turo ka. Zai biya da tsoka, mu raba."

Na ce, "Yaron wa? In zama yaron kaina?"

Ya ce, "Haba Malam, ka duba mutuncin gidan mana. Yaya za a ji cewa mai araha ne ya yi zauren Alhaji?"

Ban san lokacin da na nuna masa hanya ba. Ko takalmi ban tsaya sawa daidai ba na nufi gidan dattijon, na gaishe shi, na zayyana masa komai, har yadda na ja igiyar layin. Ya saurare ni har na gama, ya dube ni daga sama har ƙasa, ya girgiza kai.

"Yaro, ka ji tsoron Allah," in ji shi. "Bawan Allah ya taso tun daga Kaduna ya yi aikinsa, kai kuma kana so ka ci guminsa?"

Haka na fito daga gidan nan a matsayin ɓarawon aikina. Na daɗe ina shafe makewayin mutane kafin wani ya yarda ya ba ni zaure. Daga baya Allah ya buɗa, na yi fentin gidaje da ban san iyakarsu ba, amma tun daga ranar ban ƙara taɓa bangon kowa ba sai maƙwabta sun ga an kira ni da sunana, an yi ciniki a gabansu. Na gane cewa in ka rage kuɗin aikinka har ya wuce kima, kai ma rage ka za a yi, kuma wanda ya samu guminka a banza ba zai ji nauyin ɗauke sunanka ba. Zauren nan an daɗe da rushe shi, amma har yanzu akwai tsofaffi a Tudun Wada da za su rantse maka mutumin Kaduna ne ya yi fentinsa.