Hannun Daman Auta

Da safiyar yau ina cikin shara a tsakar gidana a nan Anka, sai na jiyo daka daga gidan maƙwabta. Lugude ne sosai, mata biyu a turmi ɗaya, wannan ta sauke waccan ta ɗaga, can kuma sai tafi ya ratsa tsakani. Na jingine tsintsiya na tsaya cak. Mai karatu, akwai sautin da in ya shiga kunne ba ya tsayawa a nan, sai ya gangara can ƙasan zuciya ya tura wata ƙofa da aka daɗe da rufewa. Ni ƙofar gidanmu na 'Yargalma ya tura mini. Na ga Inna, na ga Kaka, na ga hannun daman ƙanwata.

Na tashi a gidan da turmi ba ya hutawa. Da girbi sussuka, da safe surfe, da hantsi dakan fura, ƙanshin gero da citta ya cika gida har zaure. A duk unguwarmu kuwa babu macen da ta kai Inna iya lugude. Takan cilla taɓarya sama, ta tafa sau biyu, ta cafe ta ba tare da ta ɗaga kai ba, kamar dai taɓaryar ce ke ɗokin komowa hannunta. In ana biki, ita ake fara aika wa. Ni lokacin ban fi shekara goma sha ɗaya ba, nakan zauna bakin murhu ina kallonta, ina ganin duk duniya babu mace mai kyanta.

Sai zinariya ta zo. Maza suka riƙa shigowa da buhunan dutse daga daji, Baba ma ya bi sahu. A farfasa a waje, a miƙo wa mata cikin gida su daka ya yi laushi. Gidaje suka yi rufin kwano, babura suka yi yawa a ƙofar masallaci. Inna, da yake ta fi kowa ƙarfin damtse, ta fi kowa samun dakan. Tana yi ƙanwata Auta na goye a bayanta, 'yar shekara biyu da wani abu. Garin dutsen yakan tashi ya sauka a gashin idon yarinyar kamar an shafa mata hoda, mu yi ta dariya muna cewa amarya ta yi kwalliya. Har yau in na tuna dariyar nan sai tsikar jikina ta tashi.

Da bazara ta tsananta, yara suka fara kwantawa. Amai, zazzaɓi, sai jijjiga. Gidajen da muke shiga wasa suka koma gidajen gaisuwa. Wata rana da azahar Auta ta sandare a cinyar Inna, idanunta suka juye. Ba da daɗewa ba likitoci suka zo daga nesa suka ɗebi jini, suka ce dalma ce a cikin dutsen, guba ce, kuma ƙananan yara ta fi kamawa. Aka tafi da Inna da Auta asibiti a Bukkuyum, suka yi makonni ana ba ta maganin da ke wanke jini. Allah ya yi da sauran kwananta. Ta dawo da rai, amma hannunta na dama ya dawo a sake, yatsun a dunƙule, kamar furen da rana ta buga tun bai gama buɗewa ba. Likitan ya ce a riƙa sa ta aiki da shi, wataƙila ya farfaɗo. Wataƙila kawai ya ce.

Ma'aikata suka bi gida-gida suna kankare ƙasar tsakar gida, suna zuba sabuwa. Suka ce duk turmin da ya daki dutse a fitar da shi. Inna da kanta ta gangara namu har ƙofar gida, turmin da ta zo da shi cikin kayan aurenta. Daga ranar ba ta sake taɓa taɓarya ba. Babu wanda ya ɗora mata laifi, don kowane gida abin da aka yi ke nan. Ita ce ta yanke wa kanta hukunci, kuma ba ta bari kowa ya roƙa mata sassauci ba. Daka ya koma kaina ni da Kaka, mahaifiyar Baba, a wani sabon turmi da Inna ko inuwarsa ba ta son takawa.

Auta kuwa sai Inna ta mayar da ita kamar ƙwai. Ba ta ɗaukar buta, ba ta ɗaurin zane da kanta, ko moɗa ta miƙa hannu za ta ɗauka sai Inna ta riga ta. Yarinyar ta koyi yin komai da hagu, hannun daman yana rataye kamar baƙon da ba a yi wa maraba ba. Kaka ta sa ido shekara da shekaru, har Auta ta kai bakwai. Rannan ta ce:

"Ke mai hannun lagwani, taho ki riƙa mini faifai. Ni ba ni ciyar da raguwa."

Inna ta yi wuf ta ce, "Ku bar ta, Iya, ni ka yi mata."

Kaka ta ci gaba da aikinta. Amma ranar kasuwa ta aika wa wani masassaƙi a Gwashi, ya sassaƙo mata ɗan turmi da 'yar taɓarya mara nauyi, ta ɓoye su bayan rumbu. A lokacin Inna na zuwa makarantar matan aure kullum bayan la'asar. Tana fita, Kaka za ta jawo Auta, ta naɗe mata hannun hagu cikin zane, ta dunƙula mata yatsun dama a jikin taɓarya. Da fari dusa kawai take dakawa tana kuka. Kaka na yi mata waƙa, tana tsokanarta, wai ko kazar gidan ta fi ta ƙarfi. Damina ta wuce, wata ta zo. Sannu a hankali kukan ya koma dariya, aka kwance hagun, aka fara koyon cillawa da tafi da cafewa.

Ni aikina gadi. Nakan zauna a zaure in na hango Inna in yi tari. To a shekarun nan ne na faɗa kogin littattafan soyayya, waɗanda muke karɓar haya muna ɓoyewa cikin hijabi. Ranar da abin ya faru, na kai daidai inda saurayi ya tsaya ƙarƙashin bishiya ruwan sama na dukansa yana jiran amsar wasiƙa. Wallahi ban ga wucewar Inna ba. Sai ƙamshin turarenta na ji bayan ta riga ta shige.

Na bi ta da gudu. Muka tarar da Auta ta cilla taɓarya sama, ta tafa. Ganin Inna ya sa ta daburce, taɓaryar ta sauko ta same ta a goshi, jini ya tsarto. Ban taɓa jin Inna ta ɗaga wa Kaka murya ba sai ranar.

"Turmi ya kashe mini ita sau guda, so kuke shi ƙarasa?"

Kaka ta dube ta a natse ta ce, "Ba turmi ya yi ba, ɗiyata, kuma ba ke kinka yi ba. Dutsi na. Duba ki gani da wane hannu ta dahe goshin."

Da dama ta dafe shi, yatsu biyar a buɗe. Inna ta duba, ta daɗe tana dubawa, sannan ta shige ɗaki ta saki labule. Na ɗauka shi ke nan, zuciyarta ta huce, don a littattafaina haka ake yi, magana ɗaya ta warware komai. Ashe ba haka rayuwa take ba. Ba ta sake hanawa ba, amma ba ta taɓa tsayawa ta kalla ba. In Auta ta manta saƙo, sai ta ce dalma ce. In kofi ya suɓuce mata, kamar yadda yake suɓuce wa kowa, sai idon Inna ya ciko. Kullum jira take ranar da gubar za ta dawo ta karɓi abin da ta bari.

Kaka ta rasu shekarar da Auta ta tafi makarantar kwana ta 'yan mata a Gummi. A can ne malamar wasanni ta jera sababbin ɗalibai gaban raga, ta riƙa cilla musu ƙwallo ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka kauce, wasu suka rufe ido. Auta ta bi ƙwallon da kallo har ta fara saukowa, ta make ta da hagu. Aka sake cillo mata ta ɗaya gefen, ta make ta da dama. Malamar ta tambaye ta a ina ta taɓa buga ƙwallon raga. Ta ce ita ba ta ma taɓa ganin raga ba sai ta kamun kifi, bayan rumbu dai ta yi daka.

Abin da ya bambanta ta da sauran ke nan har ta shiga kwalejin horon malamai. Hagun da ta rayu da shi tun tana ƙarama yana da ƙarfi, daman da Kaka ta tayar yana da saiti. In ta yi tsalle gaban raga, masu tare ta ba su san ta inda dukan zai fito ba. Tun tana shekarar farko aka sa ta cikin 'yan wasan kwaleji, a ta biyu aka ba ta kyaftin. Ta yi tsawo kamar Baba, ga fara'a, in ta sa dogon wandonta da ɗan hijabin wasa sai ka ce barewa ce ta yi kwalliya. Takan turo mini bidiyo a waya, ni kuma in na je gida in kai wa Inna. Sai ta kau da kai ta ce, "Ɗauke. In ta hwaɗi gaban jama'a hwa?"

Bara kwalejinsu ta kai wasan ƙarshe a gasar kwalejoji, a Gusau. Auta ta kira ni ta ce, "Yaya, ki kawo mini Inna ko cikin buhu na." Kwana uku ina lallashi. Maigidana ya ce in karanto mata irin kalaman littattafan da na cika masa akwati da su, wataƙila su yi amfani sau ɗaya. A ƙarshe Baba ne ya ce ta shirya. Muka kama hanya da safe, bakin kowa da addu'a, kamar yadda duk mai bin hanyoyinmu yake yi a 'yan shekarun nan.

Muka zauna a ɓangaren mata. Ana busa usur Inna ta ja hijabi ta rufe fuska, ta damƙe hannuna har farcenta ya shige ni. Ba ta ganin komai, ji kawai take. Ƙwallo ta zo, ɗaya ta tare, ta biyu ta ɗaga, ta uku ta doka. Aka sake. Tare, ɗaga, doka. Sai na ji damƙar ta fara sassautawa, kanta na ɗan kaɗawa a ƙarƙashin hijabi.

"Ke," ta ce a hankali, "wanga ai lugude na."

"Shi ne, Inna. Kuma Auta ce ta ukun."

Ta ɗaga hijabin. Daidai lokacin aka ɗaga wa Auta ƙwallo ta gefen dama. Ta tashi sama, ta ɗan tsaya a iska kamar an riƙe ta, hannun nan ya buɗe, ya sauko. Ƙarar ta cika filin. Inna ba ta yi guɗa ba, ba ta yi tafi ba. Wani dogon numfashi ta sauke, irin wanda ban taɓa jin mutum ya sauke ba, kamar tun ranar da ta gangara turminta waje take riƙe da shi.

Sun ci wasan, aka miƙa wa Auta kofi, aka kuma kira ta a lasifika a matsayin wadda ta fi kowa iya wasa a gasar. Ta sheƙo da gudu tana haki ta ɗora wa Inna kofin a cinya. Inna ta ajiye shi gefe kamar ƙwaryar da ba ruwanta da ita, ta kamo hannun daman, ta juya tafin da ya yi jawur, ta lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Yana yi miki ciwo?"

"Awo, Inna, ƙwarai ma. Amma ki tambayi waɗancan, su anka fi jin shi."

Inna ta yi dariya har da hawaye, ta ce Allah shi jiƙan Iya.

Na raka Inna gida na kwana biyu. A safiya ta biyu, ban gama azkar ba na ji daka a tsakar gida. Na leƙa ta taga. Inna ce a gaban turmin da ta shekara goma sha ba ta taka inuwarsa ba, ta zuba gero, ta ɗaure zane a ƙirji. Ta cilla taɓarya sama, ta tafa sau ɗaya, ta kusa kuskure cafewa. Ta waiga ko wani ya gani. Na yi maza na saki labule.

Yanzu kusan kowa injin niƙa yake kai wa hatsinsa, 'ya'yana ma ba su san nauyin taɓarya ba, in sun ga lugude sai a bidiyon biki. Ba na ƙin sauƙin da aka samu. Amma ɗan turmin nan da Kaka ta sa aka sassaƙa yana nan a ɗakin Inna, kofin Auta na zaune a kansa. Baƙi in sun shigo kofin suke yabawa. Inna kuwa takan ɗaga shi ta ce su dubi na ƙasan.

Dakan maƙwabtana ya tsaya. Na ɗauki tsintsiyata, na ga ashe tun ɗazu murmushi nake yi ni kaɗai.